Kyamarar daji da riƙaƙƙen namijin barewa: abin da hoto ke faɗa wa mai kwari da baka a Amurka

A ƙarshen watan Agusta, a yankin gonakin masara da waken soya na jihohin Ayowa da Ilinoi a Amurka, maharbi kan zare katin kyamarar da ya ɗaure a jikin bishiya ya tarar da dubban hotuna. A cikinsu akwai wani ƙaton namijin barewa da ke fitowa kiwo kusan kowane maraice, rana ba ta ko faɗi ba. Ranar 1 ga Oktoba a buɗe farautar kwari da baka a jihohin nan biyu, mutumin ya hau bishiyar da ke bakin gonar ya yi dako, mako ɗaya, mako biyu, ko ƙeyar namijin bai gani ba. Wannan kuka ya yi yawa a bakin masu bin riƙaƙƙun maza da kyamara, kuma na'urar ba ta da laifi. Hoto yana faɗin inda dabba ta tsaya a wata daƙiƙa da ta riga ta wuce. Shi kuwa maharbi abin da yake nema shi ne inda za ta bi gobe, da hasken rana, kusa da bishiyar da zai iya hawa ba tare da ta ji warinsa ba.

Dabbar da ake magana a kanta ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda ta bazu daga kudancin Kanada har cikin Amurka ta Kudu. Sunan barewa aro muka yi mata, don danginta daban da na barewar Sahel ko gada. Ƙahon namu dabbobin yana nan har mutuwa. Ita kuwa wannan, namiji ne ke da ƙaho, kuma ƙashi ne zalla mai rassa. Yana faɗuwa tsakanin Janairu da Maris, ya soma tsirowa wajen Afrilu cikin wata fata mai laushi kamar karammiski, ya gama girma a Agusta, fatar ta bushe ta saɓule a farkon Satumba. Ana haihuwa a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, farauta kuma da kaka ake yi, shi ya sa ake lissafin shekarun maza da rabi: shekara 1 da rabi, 2 da rabi, haka har sama. Wanda ake kira riƙaƙƙe shi ne mai shekara 4 da rabi zuwa sama, lokacin da ƙasusuwansa suka gama girma, abin da yake ci ya koma gina tsoka da ƙaho. A jihohin arewa irin wannan yakan kai kilo 100 zuwa 130.

Wajen shekarar 1900 farautar kasuwa da sarar daji sun kusa ƙarar da dabbar, saura 'yan ɗaruruwan dubbai a duk ƙasar. Ƙayyade lokacin farauta, da kuɗin lasisi, da harajin kayan harbi da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware don kula da namun daji, su suka dawo da ita, har yau ana ƙiyasta kusan miliyan 30. Amma yawa daban, tsufa daban. A ƙarshen shekarun 1980, fiye da kashi 60 cikin 100 na mazan da ake harbewa 'yan shekara 1 da rabi ne, masu ƙahon fari. Yanzu abin ya sauko ƙasa da kashi 30, saboda maharba da yawa sun rungumi tsarin barin ƙanana su girma. Kyamara na da hannu a wannan sauyi, don wanda ya ga hoton mai shekara 5 a filinsa ya fi iya danne zuciya ya bar ƙarami ya wuce. Sai dai namijin da ya tsallake kaka huɗu ta farauta ya sha wuya ya yi wayo. Yawancin yawonsa cikin duhu yake yi, da rana ba ya nisa da makwancinsa, kuma hancinsa ya fi idonsa da kunnensa aiki.

Mai bindiga zai iya harbi daga mita 200. Mai baka ba shi da wannan sararin. Bakan zamani mai 'yan tayoyi a kansa biyu, wanda Holless Wilbur Allen ya samu takardar mallakarsa a 1969, yana tura kibiyar farauta kimanin mita 80 zuwa 90 a daƙiƙa ɗaya, sauti kuwa mita 340 yake ci. Ƙarar tsirkiya kan riga kibiya isa, barewar da ke cikin shiri ta duƙa don ta zabura, kibiya ta bi ta saman bayanta, ko ta same ta a inda ba ya kisa ta tafi da rauni. Don haka maharbin da ya san darajar rai ba ya son wuce mita 18 zuwa 27. Doka kuma a jihohi da yawa ta taƙaita harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Idan aka haɗa waɗannan sharuɗɗa, hoton ƙarfe 2 na dare amfaninsa ɗaya ne: ya tabbatar namijin yana raye kuma yana ratsa wurin. Hoto ɗaya na ƙarfe 5 da rabi na yamma, wanda ya nuna ta inda ya ɓullo, ya fi irin wancan guda ɗari.

Tun a shekarun 1890 George Shiras yake ɗana wa barewa igiya a jihar Mishigan, ta taɓa ta ɗauki kanta hoto, har mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Kyamarar yau ba ta da igiya. A gabanta akwai wani ƙaramin ido mai jin zafi, an raba abin da yake kallo gida-gida, kuma ba ya tashi sai wani abu da zafinsa ya bambanta da na kewaye ya ƙetara daga wannan gida zuwa wancan. Kurakurai da yawa daga rashin sanin wannan suke fitowa. Dabbar da ta nufo kyamara kai tsaye tana daɗewa cikin gida ɗaya, sai ta zo dab kafin a ɗauke ta. Wadda ta gitta da sauri kuma, idan kyamarar ta yi wa turba kallon gicciye, wutsiya kawai za a samu, don tsakanin jin motsi da ɗaukar hoto akwai jinkirin kashi 2 zuwa 7 cikin 10 na daƙiƙa. Maganin duka biyun shi ne a karkata ta ta kalli turba a kaikaice, kamar digiri 45, daga nisan mita 3 zuwa 6. Ranar da aka yi zafi sosai, zafin jikin dabba da na iska sun kusanci juna, nisan da idon ke ji raguwa yake yi. Ciyawa ko reshen da rana ta gasa, iska na kaɗa shi, zai cika kati da hotunan banza ya cinye batir cikin kwanaki, don haka a share gaban kyamara kafin a tafi. Fuskarta kuma ta kalli arewa. Idan ta kalli gabas ko yamma, rana za ta wanke hoton daidai fitowarta da faɗuwarta, lokacin da aka fi bukatarsa.

Fitilar dare iri uku ce. Farar walƙiya tana ba da hoto mai launi, ta fi daɗin tantance dabba, amma kowa na ganinta, har da ɓarawo. Sauran biyun hasken infurared ne, wanda idon mutum ba ya ganinsa sosai. Mai tsawon zango nanomita 850 yana ɗan ja kamar garwashi, ya fi kai wa nesa kuma hotonsa ya fi fita. Mai 940 ba a ganinsa ko kaɗan, sai dai haskensa gajere ne, dabba mai tafiya takan fito dishi-dishi, a kasa ƙirga rassan ƙahonta. A bakin gona mai 850 ya wadatar. A wurin da riƙaƙƙe zai tsaya kansa dab da kyamara, mai 940 ya fi. Akwai mazan da ba ruwansu da kyamara, akwai kuma wanda zai kalle ta sau ɗaya, daga ranar sai ya riƙa bi ta bayanta. Irin wannan a ɗaga masa ita sama, mita 2 zuwa 2 da rabi, a sa guntun kara a bayanta ta sunkuyo ƙasa. Abin da za a rasa shi ne faɗin wurin da take gani, don ta koma kallon 'yar da'ira ɗaya. Yawan megafiksel da ake rubutawa a kwali kada ya ɗauki hankalin mai saye, yawanci kumbura hoton aka yi da lissafi. Saurin tashi da saurin sake shiri bayan hoton farko sun fi shi muhimmanci.

Batir da kati da agogo, nan ne aka fi asarar kaka guda ba tare da an sani ba. Batirin AA na alkalin yana mutuwa da sanyin Nuwamba, kuma tun kafin ya mutu hotunan dare sun fara duhu. Na litiyam ya fi tsada, amma yana jure sanyi ya yi watanni. Irin wanda ake caji ƙarfinsa bolt 1.2 ne maimakon 1.5, wasu kyamarori sai su ɗauka ya ƙare su mutu. Kada a haɗa sabo da tsoho. Kati mai gigabait 32 ya isa, a goge shi a cikin kyamarar da zai zauna, kada a riƙa yawo da shi tsakanin kyamarori daban-daban. Sai agogo. Yawancin jihohin Amurka suna mayar da agogo baya da awa ɗaya ranar Lahadin farko ta Nuwamba, wato a tsakiyar lokacin da hoto ya fi daraja, kyamarar da ba ta da layin waya kuwa ba ta san an yi ba. Wanda ya manta zai ga hoton ƙarfe 6 da rabi na safe ya ɗauka gari ya waye, alhali 5 da rabi ne. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta lokacin kowane hoto da mintuna kafin ko bayan fitowar rana da faɗuwarta.

Aikin Yuli da Agusta ƙidaya ce kawai. A lokacin maza suna yawo ƙungiya-ƙungiya, uku ko biyar, suna fita gonar waken soya ko ta ciyawar kiwo ta alfalfa da sauran rana. Hanyar ƙidayar da Harry Jacobson da abokan aikinsa suka fitar a jihar Misisipi a 1997, yadda aka fi yin ta, ita ce kyamara ɗaya a kowace eka 100, wato kimanin hekta 40, a zuba masara a gabanta, a bar ta kwana 10 zuwa 14, sannan a rarrabe maza ɗaya-ɗaya ta ƙahonsu. A irin wannan wuri a sa jinkirin minti 5 tsakanin hoto da hoto, in ba haka ba mace ɗaya za ta cika kati. Amma jihohi da dama sun hana zuba hatsi ko gishiri saboda wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa har ta mutu, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967, ta ɓulla a Wiskonsin a 2002, kuma yawu da fitsari na cikin abin da ke yaɗa ta. Inda aka hana, mashaya, ko ɓarakar shinge, ko kusurwar gona inda turba biyu suka haɗu, suna yin aikin.

Shekarun namiji a jiki ake karantawa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ɗan shekara 1 da rabi kamar mace ce aka ɗora wa ƙaho, ga dogayen ƙafafu ga siririn wuya. Mai 3 da rabi kamar dokin sukuwa yake, ƙirji ya faɗaɗa, ciki a ɗame, kuma shi ne aka fi harbewa bisa kuskure, don ƙahonsa ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na girman da zai yi. A 4 da rabi wuya ya haɗe da ƙirji ba a ganin iyaka, ciki ya sauko daidai da ƙirji, ƙafafu sun zama kamar sun yi wa jiki kaɗan. Daga 5 da rabi ciki ya fara rito, baya ya ɗan lotsa, fatar maƙogwaro ta saki. Hoton da za a yi hukunci da shi sai na gefe, dabba a tsaye, kuma na ƙarshen Oktoba lokacin da wuya ya kumbura. Hoton Agusta yana rage wa jiki shekaru, ƙahon da ke cikin fatarsa kuma yana ƙara wa ido girma. Don gane namiji daga shekara zuwa shekara, yagaggen kunne ko tabo ko siffar farin maƙogwaro sun fi ƙaho tabbas, ko da yake zubin ƙahon yakan maimaita kansa.

Satumba ce ke rushe lissafin mutumin da muka fara da shi. Rana tana gajarta, sinadarin mazakuta yana hauhawa, fatar ƙaho ta saɓule, abokan jiya suka zama kishiyoyi, ƙungiya ta watse. A daidai lokacin ganyen waken soya ya yi rawaya, barewa ta guje shi, 'ya'yan itacen ok (oak, wata babbar bishiyar dajin can) suka fara zuba a cikin kurmi, musamman na farin ok da ba su da bauri sosai. Abinci ya koma cikin duhuwa. Wasu mazan ma ƙaura suke yi ɗungurungum. Binciken da aka yi a Jami'ar Jihar Misisipi da ƙwalar GPS a wuyan maza ya nuna kusan ɗaya cikin uku suna da gida biyu, tsakaninsu tafiyar kilomita, suna sauyawa da lokaci. Akwai kuma cutar zubar jini da wasu ƙananan ƙudaje ke yaɗawa a ƙarshen zafi, musamman shekarar fari, wadda ke kashe barewa a bakin ruwa. Saboda haka namijin da ya ɓace a Satumba ko ya matsa mita 300, ko ya ƙaura, ko ya mutu. Kafin a yanke hukunci a kwashe kyamarori daga bakin gona a kai su inda sabuwar alama take. Inda ake buɗe farauta da wuri, kamar Kentaki da ke farawa Asabar ta farkon Satumba, hotunan Agusta suna da amfani kai tsaye, amma na 'yan kwanaki ne.

Daga farkon Oktoba babu wurin da ya kai wurin tono. Namiji yakan sami reshe mai rito, tsayin mita 1.2 zuwa 1.5 daga ƙasa, ya tauna shi, ya goga goshi da gefen ido, sannan ya tone ganyen da ke ƙarƙashi da ƙafar gaba har ƙasa ta fito, ya haɗa ƙafafun baya ya yi fitsari ta kan wasu kumburai masu wari da ke cikin gwiwarsa. Reshen shi ne ginshiƙi, a sare shi tonon ya mutu. Kusan duk namijin da ke yankin zai zo ya shinshina, ya tsaya daƙiƙa 10 zuwa 30, kansa a sama, ƙaho a fili. A nan bidiyon daƙiƙa 15 ko hoto uku a jere sun fi, don su ne za su nuna ta inda ya shigo da inda ya nufa. Inda babu tono a wurin da ake so, ana iya yin na hannu: a rataya igiyar rama mai kauri ko a lanƙwaso reshe a ɗaure, a share ƙasa faɗin mita 1 da sanda, da safar roba a hannu. Wasu jihohi, irin su Bajiniya da Bamont, sun hana fitsarin barewa na kwalba, kuma ko babu shi reshe da buɗaɗɗiyar ƙasa suna jawo su. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, wani bincike a jihar Jojiya ya gano kusan kashi 85 cikin 100 na ziyarar tono da dare ake yi. Tonon bakin gona wurin ɗaukar suna ne. Wanda ya cancanci a yi dako a kansa shi ne na cikin duhuwa kusa da makwanci, kuma a kwanaki goman ƙarshe na Oktoba.

Daga nan sai bin sawu a baibai. A ce namijin yana isowa tonon bakin gona minti 30 bayan duhu, daga arewa maso yamma. Wannan labari ne mai daɗi, don yana nufin makwancinsa ba shi da nisa, kuma ya tashi da sauran haske. Wanda ke isowa tsakar dare yana iya fitowa daga kilomita ɗaya ko biyu, a gonar maƙwabci. Ga na farkon, a duba taswirar tauraron ɗan'adam a nemi inda zai iya kwana: hancin tudu inda iska ke zuwa ta bayansa idonsa na kallon gangare, ko tsibirin busasshiyar ƙasa cikin fadama, ko sarƙaƙiyar da ta tsiro bayan an sare itatuwa. Sai a matsar da kyamara mita 100 zuwa 150 ta wannan fuska, ana bin bishiyoyin da ya goge wa ɓawo da ƙaho, don gefen da aka goge yakan kalli inda ya fito. Turbar riƙaƙƙe sau da yawa siririya ce, tana tafiya kusa da babbar turbar mata ta gefen da iska ke kai masa warinsu. A bar kyamarar mako guda. Idan lokacin hoton ya matso kusa da faɗuwar rana, an kama hanya. Da zarar an sami hoto cikin lokacin harbi, tafiya ta ƙare. Ƙarin taku ɗaya zuwa makwanci yana iya tashinsa, kuma riƙaƙƙen da aka tasa sau biyu daga wuri ɗaya da wuya ya sake yin sakaci a wurin cikin wannan kaka.

Iska ce ke mayar da hoto ilimi. Duk hoton rana a rubuta kwanan wata, lokaci, fuskar da ya nufa, da inda iska ke busowa a wannan awa, daga tarihin tashar yanayi mafi kusa. Ma'aunin zafin da ke jikin kyamara ba abin dogaro ba ne idan rana ta doke ta. A nan akwai tarkon lissafi da ke kama mutane da yawa. Mutum ya ga hotuna uku na rana duk da iskar arewa maso yamma, ya ce ya gano sirri. To, idan cikin kwana 30 iskar ta buso daga can kwana 20, bai gano komai ba. Abin da ke da ma'ana shi ne idan iskar kudu ta yi kwana huɗu kacal, kuma uku daga cikinsu namijin ya fito. Haka zancen wata. Maharba da yawa sun yi imani da shi, amma bayanan ƙwalar GPS daga binciken Jami'ar Jihar Fensilbaniya ba su nuna hasken wata na sauya yawon barewa yadda ake faɗa ba. Saukar sanyi kwatsam ma, da aka fi yarda da ita, tasirinta a alƙaluma bai kai yadda ake zuzutawa ba, ko da yake babu laifi mutum ya zaɓi irin wannan rana.

Iskar tashar yanayi kuma ba lallai ta zama ita ce ta gindin bishiya ba. A ƙasa mai tudu da kwari, da safe idan rana ta ɗumama gangare iska hawa take yi, da maraice ta yi sanyi ta gangaro kwari kamar ruwa, a cikin kwazazzabo kuma juyi take yi. Maharban Amurka suna sakin audugar wani tsiro ɗan'uwan tumfafiya su bi ta da ido har mita 30 ko fiye, aikin da maharbinmu ke yi da ƙura ko toka. Bishiyar da za a zaɓa ita ce wadda ke mita 15 zuwa 20 daga turba, a gefen da wari zai zube inda barewa ba ta bi, kamar rafi ko fili ko gaɓa mai tsayi. Wurin zama ya kai mita 5 zuwa 6 daga ƙasa, da ɗamarar tsaro tun daga takun farko, don faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata maharban barewa. Hanyar shiga ma sai an tsara ta kamar yadda aka tsara wurin zama. Wuri mai kyau da ba a iya isa gare shi sai an ratsa makwanci ko wurin kiwo, a haƙura da shi.

A ganinmu babbar illar kyamara ita ce ƙaiƙayin dubawa. Kowace ziyara tana barin warin takalmi a turba da na hannu a jikin bishiya, wanda hancin barewa ke ji bayan mutum ya daɗe da tafiya. Wanda ke zuwa duk kwana uku yana koya wa namijin lokutansa ne, hotuna su koma na dare, ya ce barewa ta daina fita da rana. Kyamarar bakin gona a duba ta da tsakar rana, da mota ko tarakta idan dabbobin sun saba da su, ko gab da ruwan sama. Ta cikin duhuwa kuwa kada a taɓa ta sai ranar da za a yi dako a kusa, ko a bar ta har ƙarshen kaka. An ce zuwa da kai ya fi aike, amma a wannan harka aike ya fi, kuma nan ne amfanin kyamara mai layin waya da ke turo hoto. Tana cin batir, gara a haɗa ta da ƙaramin faifan sola, a kuma saita ta ta riƙa turowa sau ɗaya ko biyu a rana. Rashin hoto ma a karanta shi da hankali. Kyamara yanki ɗaya take gani, faɗin digiri 40 zuwa 50, nisan mita 15 zuwa 20. Riƙaƙƙe yakan bi mita 30 ta inda iska ke kawo masa warin tono, ya gama bincikensa da hanci bai taka wurin ba.

Barbara a jihohin arewa tana kai ƙololuwa wajen tsakiyar Nuwamba kowace shekara, don tsawon rana ne ke tayar da ita. A kudu abin ya bambanta, wasu sassan Alabama da Misisipi sai Janairu. Mace tana karɓar namiji kimanin awa 24 ne, idan ba ta ɗauka ba ta dawo bayan kwana 28. A waɗannan makonni namiji ya bar tono, ya rage ci, yana yawo daga makwancin mata zuwa wani ko da tsakar rana, hoton jiya kuma ba ya faɗin komai game da yau. Kyamara ta koma matsatsi: siririn kurmi tsakanin gonaki biyu, mashigin rafi, inda tudu ya lotsa, kan kwazazzabo. A cire jinkiri gaba ɗaya a sa hoto uku a jere, don mace ce ke gaba, shi yana biye da daƙiƙa kaɗan. Hotunan wannan lokaci jari ne na baɗi. Maharba da yawa sun lura namiji yakan sake ɓullowa a wuri ɗaya kusan kwanakin da ya zo bara, kuma akwai dalili, tunda mace takan shiga barbara kusan lokaci ɗaya kowace shekara.

Doka kuma tana sauyawa. Arizona ta haramta amfani da kyamara don farauta daga 1 ga Janairun 2022, Kansas ta hana ta a filayen gwamnatin jiha a 2023, Yuta da Nebada sun taƙaita lokacinta. Ƙungiyar Boone and Crockett da aka kafa a 1887, da Pope and Young ta masu baka da aka kafa a 1961, waɗanda ke ajiye kundin manyan ƙahoni, ba su yarda da dabbar da aka harba ta hanyar bin hoton da ya shigo waya nan take ba. Muna ganin sun yi daidai. Sanin al'adar dabba cikin watanni farauta ce, amma waya ta yi ƙara mutum ya ruga ya tare ta, wannan ya tauye mata damar tsira. Na'urar ita ce dai ta ɗauko hotunan gorilar Kuros Riba da 'ya'yansu a tsaunukan Mbe na Najeriya a 2020, a hannun masu kare namun daji, inda harbi haramun ne.

Bayan an rufe farauta a Janairu, kyamara ta koma inda abinci ya rage, gonar masarar da ba a girbe ba ko ta waken soya, don maza sun rame da barbara, wasu sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsu, kuma sanyi na tilasta musu fita da wuri. Mako biyu zuwa uku sun isa a san waɗanda suka tsira kafin ƙaho ya fara zuba. Ranar da hoto ya nuna namiji da ƙaho ɗaya, a jira ɗayan ya faɗi sannan a shiga nema. Fabrairu da Maris ne lokacin da za a taka makwancin da aka yi ta kaucewa duk kaka: ganye bai fito ba, turba da tono da gogaggun bishiyoyi suna nan a fili, kuma warin da aka bari yana da wata shida ya gushe. A lokacin ake zaɓen bishiya, a sare rassan da za su tare kibiya, a share hanyar shiga, a sa wa taswira alamar inda kowace kyamara za ta zauna a Oktoba.